HAWAN DUTSE MAI AMAN WUTA DON KALLON FITOWAR RANA: INA AKA BAR SALLAR ASUBA?



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan uwa, akwai tambayar da ta yawaita a kwanakin nan, musamman daga yaranmu da ke karatu a ƙasashen waje da kuma matasan gida masu kallon bidiyo a waya. Tambayar ita ce: Malam, ya halatta musulmi ya bi ayarin masu hawan dutse mai aman wuta cikin dare, don ya kalli fitowar rana daga ƙololuwarsa?

Amsa a taƙaice: ya halatta, bisa sharuɗɗa uku da zan kawo. Amma ina roƙon manomanmu na Kura da Bunkure da Garun Malam kada su ce wannan zancen 'yan boko ne da masu kuɗin jirgi, su wuce. Sharaɗi na uku ya fi shafarmu mu da ke bakin kanal fiye da yadda ya shafi mai yawon buɗe ido.

MENE NE DUTSE MAI AMAN WUTA?

Ƙasar nan da muke takawa muna nomawa ɓawo ce kawai. Can ƙasa da ita akwai zafin da ke narkar da dutse ya koma kamar talge. Duk macen da ta taɓa tuƙa tuwo ta san yadda talge yake idan wuta ta yi yawa: yana kumbura, yana huci, yana tsartuwa. To a wuraren da ɓawon ƙasa yake da tsaga ko rauni, narkakken dutsen nan da iskar da ke cikinsa sukan sami hanya su yo sama. Abin da ya fito ya huce ya daskare, wani ya sake fitowa ya hau kansa, shekara da shekaru, har ya zama tsauni mai rami a tsakiyar kansa.

Ƙasar Indunusiya, wadda mafi yawan mutanenta musulmi ne, tana da irin waɗannan duwatsu masu rai fiye da 120. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi zuwa kallo shi ne Bromo a gabashin tsibirin Jawa, tsayinsa mita 2,329. Mutane kan tashi wajen ƙarfe uku na dare su hau tudun da ke fuskantarsa su jira rana. A Japan akwai Fuji, mita 3,776, wanda dubban mutane ke hawa da dare a watannin Yuli da Agusta don wannan manufa. Maƙwabciyarmu Kamaru tana da nata babban dutsen a Buea, ya haura mita 4,000, kuma ya yi amai a 1999 da 2000. Mu ma a Najeriya akwai waɗanda suka daɗe da mutuwa: tsaunukan Biu a Jihar Borno, inda tafkin Tila yake zaune cikin tsohon ramin wuta, da na Kerang a ƙasar Mangu ta Jihar Filato.

Me ya sa sai da dare? Dalili biyu ne. Na farko, hawa cikin sanyi ya fi sauƙi a kan hawa cikin rana. Na biyu, da sassafe ne sama take garau kafin gajimare ya rufe dutsen. Wanda ya kai sama kafin ketowar alfijir yakan ga gajimare shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafarsa kamar an baza auduga, sannan rana ta ɓullo ta cikinsa.

Ga wani abu da zai ba manomi sha'awa. Tokar da dutsen ke fesowa, wadda ke binne gari idan ta yi yawa, ita ce bayan shekaru take zama taki. Shi ya sa a gangaren Bromo za ka tarar da gonakin dankali da kabeji da albasa, kuma tsibirin Jawa, duk da duwatsun wutar da ke cikinsa, yana ɗauke da mutum fiye da miliyan 150, abincinsu shinkafa kamar mu. Daga rami ɗaya Allah yake fitar da halaka da arziki.

MADINA MA TANA GEFEN WUTA

Da yawa cikinmu suna ɗauka wannan abu ne na ƙasashen nesa. To alhazanmu ku tuna baƙaƙen duwatsun nan masu huji-huji da kuka gani a gefen hanya idan an doshi Madina. Larabawa suna kiran irin wannan fili harra, kuma narkakken dutse ne da ya daskare. Madina kanta tana tsakanin harra biyu, ta gabas da ta yamma.

A watan Jimada Akhir na shekara ta 654 bayan hijira, wato 1256, ƙasa ta yi ta girgiza a Madina kwanaki a jere. Daga nan wuta ta keto a harrar da ke gabashin gari, narkakken dutse ya yi ta malala cikin kwari kamar kogi, tsawon fiye da kilomita 20, aka fi wata guda ana cikin wannan hali. Imam Nawawi yana saurayi a lokacin, kuma ya ambaci abin a sharhinsa na Sahihu Muslim. Abu Shama da Ibnu Kasir sun kawo labarin da faɗi. Malaman wannan zamani sun fahimci cewa ita ce wutar Hijaz da Manzon Allah (SAW) ya ba da labarinta cikin alamomin tashin alƙiyama, wadda haskenta zai kai Busra ta ƙasar Sham, kamar yadda ya tabbata a Bukhari da Muslim.

Abin lura shi ne yadda mutanen Madina suka karɓi al'amarin. Sun taru a masallacin Annabi (SAW) suna kuka suna istigfari, sarkin garin ya 'yanta bayinsa ya mayar wa mutane haƙƙoƙin da aka ƙwace. Haka zuciya mai rai take yi idan ta ga ayar Allah. Wutar ta tsaya ba ta shiga gari ba.

ABIN DA NA GANI A DUTSEN SINA'I

Ni ban hau dutse mai aman wuta ba, amma lokacin da muke karatu a Azhar mun hau Jabalu Musa a kudancin Sina'i, kuma tsarin hawan iri ɗaya ne. Tsayinsa mita 2,285. A gindinsa akwai tsohon gidan ibadar Kirista na Santa Katrin, wanda aka gina tun kafin a aiko Annabi (SAW). Kafin mu tashi daga Alƙahira wani malaminmu ya ja mana kunne cewa mu je mu ga halittar Allah mu dawo, kada wani ya ɗebo ƙasa ko tsakuwa da sunan tabarruki.

Mun fara hawa wajen ƙarfe biyu na dare, wani Balaraben ƙauye yana yi mana jagora, kowa da tocila a hannu. Idan ka ɗaga kai sai ka ga fitilun mutane sun yi layi suna lanƙwasa har sama. Masu raƙuma suna bi suna tallar a hau a biya. Jefi-jefi akwai rumfunan shayi. Inda hanyar raƙumi ta ƙare akwai matakala kusan 750 na dutse, nan kam kowa da ƙafarsa. Sanyin da ke can sama kuwa, muku-mukun hunturun da muke kuka da shi a fadamar Kadawa wasa ne a kansa. Har bargo ake bayarwa haya.

A ƙololuwar akwai ɗan ƙaramin masallaci da ƙaramar coci kusa da juna. Da alfijir ya keto muka yi alwala da ruwan gorarmu, ɗaya daga cikinmu ya yi kiran salla a hankali, muka yi jam'i. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan: wurin cike yake da jama'a, kuma daga sunayen da suke kiran junansu da hirarsu ka san da yawa musulmi ne. Sun lulluɓa da bargo, sun juya gabas, waya a hannu, suna jiran rana. Ƙalilan ne suka taso. Da ƙahon rana ya ɓullo aka ɗauki tafi da sowa. Kyau kam akwai shi, wallahi duwatsun nan sai da suka koma ja kamar garwashi. Amma a daidai wannan daƙiƙar da ake tafi, lokacin sallar Asuba ya fita ga duk wanda bai yi ba.

Mutum ya hana idonsa barci, ya yi awa uku yana hawa cikin duhu da sanyi, ya biya kuɗin mota da na jagora, sannan raka'a biyu da ba su kai minti biyar ba suka gagare shi. Ya zo kallon aya, ya manta da Mai ayar.

SHARAƊI NA FARKO: GYARA NIYYA DA KIYAYE AƘIDA

Tafiya a bayan ƙasa don ganin halittar Allah abu ne da Alƙur'ani ya kwaɗaitar a kansa a wurare da yawa. Suratul Gashiya ta ja hankalinmu ga raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa. Abdullahi ɗan Abbas (RA) ya ba da labarin daren da ya kwana a ɗakin 'yar'uwar mahaifiyarsa Maimuna, ya ga Annabi (SAW) ya farka cikin dare ya dubi sama ya karanta ayoyin ƙarshen Suratu Ali Imrana, waɗanda ke yabon masu tunani cikin halittar sammai da ƙasa. Saboda haka wanda ya hau dutse don ya ƙara sanin girman Ubangijinsa, ko don motsa jiki da hutun da babu saɓo a ciki, babu laifi a kansa.

Inda matsala take shi ne a ɗauki dutsen ko ranar a matsayin abin da ke ba da albarka. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abu Huraira (RA) ya je Dutsen Ɗuri, da ya dawo wani sahabi ya ce masa da ya riske shi kafin ya tafi da bai bari ya je ba, ya kafa masa hujja da hadisin da ya keɓe masallatai uku da yin tattaki don ibada: na Makka, na Madina, da na Ƙudus. Idan dutsen da Allah ya yi magana da Annabi Musa (AS) a kansa ba a ɗaura masa kaya don neman lada, ina ga wani dutse? Haka ma Jabalun Nur da alhazanmu ke rububin hawa da dare a Makka. Wanda ya hau don ya ga kogon Hira ya tuna wahalar da Manzon Allah (SAW) ya sha, ya samu darasi. Amma hawan ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umra, kuma shafar dutsen da rubuta suna a jikinsa da ɗaura ƙyalle ba su da asali.

Wasu duwatsun kuma wuraren bauta ne ga mutanen da ke zaune kusa da su. A Bromo, ƙabilar Tengger masu bin addinin Hindu suna da bikin shekara da suke jefa amfanin gona da dabbobi cikin ramin wutar a matsayin hadaya. Musulmi zai mutunta mutane a ƙasarsu, ba zagi ba tsokana, amma ba zai saya ya jefa ba, ko da fure ne, ko da mai jagora ya ce al'ada ce kawai ta neman sa'a. Mu Kanawa mun san wannan tarihin a gidanmu. Dutsen Dala da yara ke hawa yau suna ɗaukar hoton birni, a zamanin Barbushe wurin tsafin Tsumburbura ne. Allah ya fitar da kakanninmu daga wannan, kada mu je wata ƙasa mu koma ciki da sunan yawon buɗe ido.

Ita ma ranar baiwar Allah ce mai bin umarni. Annabi Ibrahim (AS) da ita ya ƙure sarkin da ya yi da'awar allantaka, kuma mutanen Saba da alhudahuda ya kai wa Annabi Sulaiman (AS) labarinsu, laifinsu shi ne yi mata sujada. Ka kalle ta ka yi tasbihi ga wanda ya fito da ita. Ɗaga mata hannu da sunkuya mata da wasu ke koyarwa da sunan motsa jiki, musulmi ya nisance shi.

SHARAƊI NA BIYU: KIYAYE RAI

Ranka amana ce, ba naka ba ne da za ka yi caca da shi don hoto. Ranar 3 ga Disamba 2023 dutsen Marapi da ke yammacin Sumatra ya yi amai ba zato, akwai masu hawa 75 a kansa. Fiye da 20 suka rasu, da yawansu matasa 'yan makaranta. Tun shekaru kafin nan hukuma ta yi gargaɗin kada a matsa kusa da ramin ƙasa da kilomita uku. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu. A Kamaru kuma, daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos da ke cikin ramin tsohon dutsen wuta ya saki iska mai shaƙe numfashi, ta kashe mutum kusan 1,700 da dubban dabbobi, mafi yawa suna barci. Ba a ga wuta ba, ba a ga hayaƙi ba.

Don haka idan masana da hukumar wurin sun ce an rufe, hawa ya zama haramun a kanka, ko da ka riga ka biya kuɗi. Idan sun ja iyaka, tsallake ta saɓo ne. Mai ciwon zuciya ko asma ko hawan jini ya tambayi likita tukuna. A tafi da jagora, da ruwa, da kayan sanyi. Ɗalibin da iyayensa suka sayar da shinkafa suka tura shi karatu, ya nemi izininsu, kuma idan sun ce a'a, magana ta ƙare. Kada wani ya ce ai ajali ɗaya ne. Gaskiya ne, amma wanda ya koya mana imani da ƙaddara shi ne ya sa sulke biyu ranar Uhudu.

Cikin wannan sharaɗi nake sa kiyaye mutunci: cakuɗuwar maza da mata a cikin duhu da kwana a tanti ɗaya ba ya halatta don an canza ƙasa.

SHARAƊI NA UKU: SALLAR ASUBA KAFIN RANA

Wannan shi ne zuciyar maganar. Lokacin Asuba yana farawa daga ketowar alfijir na gaskiya. A mazhabarmu ta Malikiyya lokacin zaɓi yana kaiwa zuwa wayewar gari sosai, daga nan lokacin lalura har fitowar rana. Wanda ya samu raka'a ɗaya kafin ta fito ya samu sallar. Da zarar gefenta ya bayyana, lokaci ya fita. Ka ga ke nan abin da masu hawa suke zaune suna jira shi ne ainihin abin da ke rufe ƙofar Asuba.

Uzurorin da ake kawowa duk shari'a ta riga ta amsa su. Babu ruwa, ko sanyin zai cutar da kai? Ka yi taimama, kuma a wurin Malikiyya dutsen da kake tsaye a kai ya isa abin taimama. Amru ɗan Asi (RA) ya yi taimama saboda tsananin sanyi a wata tafiyar yaƙi, Annabi (SAW) bai zarge shi ba. Ba za ka iya cire takalmi ba? Ka yi salla da shi matuƙar yana da tsarki. Babu shimfiɗa? Ƙasa duk masallaci ce. Ayari ba zai jira ba? Ka gaya wa jagora tun a ƙasa cewa kai musulmi ne, za ka tsaya minti biyar idan alfijir ya keto.

A kula da alƙibla. Mu a ƙasar Hausa mun saba cewa "ya kalli gabas" idan ana nufin ya yi salla, domin Ka'aba tana gabas da mu, ta ɗan karkata arewa. A Indunusiya alƙibla tana yamma ne, ta ɗan karkata arewa. Wanda ya kalli mafitar rana a kan Bromo ya ba wa Ka'aba baya. A Sina'i kuma kudu maso gabas take.

Sannan idan rana ta fara fitowa ba a yin nafila har sai ta ɗaga kamar tsawon mashi, abin da ya kai kimanin kwata na awa. Hikimar ita ce kada mu yi kama da masu yi mata sujada a wannan lokaci. Wanda shauƙi ya kama shi a kan dutse ya ce bari ya yi raka'a biyu na godiya daidai tana ɓullowa, ya dakata tukuna. Amma wanda barci ya ɗauke ko ya manta da farillar, yana tunawa zai rama nan take, kamar yadda Annabi (SAW) da sahabbansa suka yi a hanyar dawowa daga Khaibara lokacin da barci ya rinjayi Bilal (RA) har rana ta tashe su. Wannan rangwame ne ga wanda barci ya fi ƙarfinsa. Wanda idonsa biyu yana saita kyamara ba ya cikinsa.

MU DAWO BAKIN KANAL

To 'yan uwana manoma, mu ba mu da dutsen wuta. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, sai ka doshi Rano ko Tiga kake ganin duwatsu. Amma tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974 ruwa ya fara biyo kanal zuwa gonakinmu, mun zama mutanen dare. Wanda gonarsa take ƙarshen layi ya san sau da yawa ruwa ba ya isowa gare shi sai na sama sun yi barci, dole ya ɗauki tocila da fartanya ƙarfe biyu ko uku. Lokacin tumatir, 'yan ƙwadago tun da duhu suke cikin gona don a cika kwanduna a kai Kwanar Gafan kafin manyan motocin kudu su tashi. Idan shinkafa ta fitar da kai, yara tun kafin gari ya waye suke tafiya korar tsuntsaye.

Wato abin da wani yake biyan kuɗin jirgi ya je ya yi sau ɗaya a rayuwarsa, kai kana yin irinsa kullum. Kana farke a sulusin dare na ƙarshe, lokacin da ake amsa addu'a. Taurari suna kanka babu fitilar birni da ta dushe su. Kana ganin alfijir da idonka, abin da mutumin birni sai dai ya duba a kalanda. Rana tana fito maka a kan ruwan da ya kwanta cikin fangalin shinkafa. Wannan ni'ima ce babba.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ni liman ne, ina juyowa bayan sallama ina ganin sahu. Da zarar kakar tumatir ta kama, sahun Asuba yakan ragu ya koma na tsofaffi. Da a ce waɗanda babu su suna yin tasu a gona a kan lokaci, da da sauƙi. Abin da muke ji kuma muke gani shi ne, da yawa sai an gama lodi, rana ta take, wajen tara ko goma, sannan a zo a yi ta a gurguje, wasu ma a haɗa ta da Azahar. Wane bambanci ke tsakanin wannan da mai bargo a kan dutse? Shi hoto ya shagaltar da shi, kai kwando.

A watan Janairu rana ba ta fitowa a nan sai wajen bakwai saura, alfijir kuma yana ketowa fiye da awa guda kafin nan. Cikin awa guda cur ba za a samu minti goma ba? Mai hawan dutse yana iya cewa babu ruwa. Kai kuwa ruwan Tiga ne yake gudu a gaban ƙafarka. Kada ka ce kayanka sun ɓaci: taɓo da laka ba najasa ba ne, takin shanu da na tumaki da awaki ma mai tsarki ne a mazhabarmu. Ka wanke hannunka daga maganin feshi saboda lafiyarka, ka yi alwala, ka hau gaɓar kanal inda ya bushe ka ta da kabbara. Idan ku biyu ne, ɗaya ya ja, kun samu jam'i. Wanda gonarsa ke kusa da gari yana jin kiran salla, ya daure ya zo masallaci.

Kira na musamman ga masu gona da dillalai. Alhaji, idan ka ɗebo yara ashirin a mota tun ƙarfe huɗu, kai ne shugabansu a wannan safiya, kuma za a tambaye ka. Yaron da ke tsoron kada ka rage masa kuɗin yini ba zai iya cewa a tsaya ba. Kai za ka ce a tsaya. Minti goma na mutum ashirin bai kai kwando biyu ba. Mun ga shekarun da tsutsa ta cinye gonaki cikin kwanaki, irin 2016, mun ga ranakun da tumatir ya yi kwantai har aka zubar a bakin titi. Saurinmu bai hana ko ɗaya ba. Albarka daga Allah take. Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, kuma sahabin da ya ruwaito wannan, Sakhru al-Gamidi (RA), ɗan kasuwa ne da yake tura hajarsa da sassafe har ya yi arziki. Sammako muna da shi. Saura mu sa salla a farkonsa.

Haka kuma wanda yake amfani da duhun nan ya toshe ruwan maƙwabcinsa ya karkatar gonarsa, ko ya fasa kanal, ya sani cewa a sa'ar da ake amsa addu'a yake zalunci, kuma wanda ya zalunta ɗin ma yana farke.

Jabir ɗan Samura (RA) ya ba da labari cewa Annabi (SAW) idan ya sallaci Asuba yakan zauna a wurin sallarsa har rana ta fito sosai. Ga kallon fitowar rana irin na sunna: salla tukuna, sannan zikiri, sannan rana ta same ka cikin ambaton Allah. Wanda aiki bai bar shi ya zauna ba, ya yi azkar ɗinsa na safe yana buɗe wa kwami ruwa, harshe ba ya hana hannu aiki.

Wanda Allah ya hore masa ya je ya ga Bromo ko Fuji ko dutsen Kamaru, ya je da sharuɗɗan nan uku, ya dawo ya ba mu labari mu ƙaru. Wanda bai samu ba, bai rasa komai na addininsa ba. Wanda ya rasa Asuba da gangan shi ne ya yi asara, a kan dutse yake ko a cikin gona.

Allah ya sa mu cikin masu kiyaye salla a kan lokacinta. Allah ya sa albarka a nomanmu, ya kare mu daga annoba da ambaliya, ya tsare 'ya'yanmu da ke karatu a nesa ya dawo mana da su lafiya da imaninsu. Allah ya jiƙan iyayenmu da malamanmu.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.